Kambas Lamba Takwas

Tun da na buɗe ido a Kano ban taɓa ganin an saya wa yaro takalmi daidai ƙafarsa ba. Mahaifiyarmu ko kasuwar ba ta zuwa da mu. Tsinken tsintsiya take zarowa, ta sa ki taka ƙasa, ta gwada daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta ƙara faɗin yatsu biyu sannan ta karya, ta ba mai shiga kasuwa. In takalmin ya zo kina tafe yana fita yana komawa, kika buɗe baki za ki yi ƙorafi, sai a ce, "Ai ƙafa girma take yi." Shi ke nan, magana ta ƙare. A cusa miki tsumma a gaba, ki yi Sallar bana da shi, ki yi ta baɗi, ƙanwarki ta gada.

Da wannan karatun na zo Amurka, da shi kuma na raini 'yata. A Stapleton muke zaune a lokacin, can tsibirin Staten na birnin New York, ɗaki da falo a saman bene, daga ni sai ita. Mahaifinta ya koma gida tun da hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki, ni ke aika kuɗin magani duk wata. Aikina kula da wata tsohuwar Baturiya a gidanta: in yi mata wanka, in ba ta abinci, in juya ta a gado, kwana shida a mako. Saboda haka dala ɗaya in ta shigo hannuna sai ta yi gumi kafin ta fita. Ba rowa ba ce, ko da yake har 'yar cikina ta sha kirana marowaciya da ido.

Ita yarinyar 'yar fari ce, ita kaɗai kuma Allah ya ba ni. Ba na kiran sunanta, "ke" ce ko "'yar nan", kamar yadda aka yi mini. Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take mayar mini da amsa, mun saba da hakan har ba ma lura.

Shekarar da ta gama ƙaramar sakandare za ta shiga babba, tana da sha huɗu, wata ranar Lahadi da la'asar ina yankan alayyahu tana wanke kwanuka, sai ta ce ba tare da ta juyo ba, "Mama, abu ɗaya nake so bana."

Na ce, "In waya ce, ki ma daina ɓata bakinki."

Ta ce ba waya ba ce. Takalmi take so daidai ƙafarta.

Na yi dariya, na ce yo wanda kike sawa na maƙwabta ne? Ita ba ta yi dariya ba. Ta kashe famfo, ta juyo, ta gaya mini abin da ta ɓoye shekara uku. Wai a makarantarsu agwagwa suke ce mata, saboda ƙarar da takalminta ke yi in tana tafiya a baranda. Wai ranar da ake wasan guje-guje ƙafa ɗaya ta fice ta yi sama, ta faɗo gaban malamin, aji gaba ɗaya suka kwanta dariya, har da masu kwaikwayon kukan agwagwa. Tun daga ranar ta daina gudu, in an fita fili ta ce cikinta ke ciwo.

Jinina ya hau nan take. Na ce, "Waɗanne 'yan marasa tarbiyyar ne? Me ya hana ki gaya mini in je in ci musu mutunci su da iyayensu?"

Ta ce, "Shi ya sa ban gaya miki ba." Sannan ta ce, "Mama, ƙafata ta daina girma tun bara. Lamba takwas ce. Sabuwar makaranta ce, yawancinsu ba su san ni ba. So nake in shiga kamar kowa."

Allah Sarki. Yarinyar da ba ta taɓa cewa saya mini kaza ba. Na ajiye wuƙar na ce, "Wallahi bana lamba takwas za ki sa, ko da zanen jikina zan sayar." Da bakina na rantse, babu wanda ya matsa mini.

Farkon watan Agusta muka hau bas zuwa wani shagon takalma a tsakiyar tsibirin. Ba ta yi dube-dube ba, ashe ta daɗe da zaɓa a ranta. Wani farin kambas ne mai ɗan kore a dunduniya. Aka kawo takwas, ta sa, ta ɗaure, ta miƙe ta taka zuwa madubi ta dawo. Ban taɓa ganin tafiyarta irin ta ranar ba. Ashe duk shekarun nan jan ƙafa da nake yi mata faɗa a kai, ba lalaci ba ne, riƙon takalmi take yi da yatsu.

Na juya takardar farashi, dala tamanin da 'yan kai. Kuɗin suna jakata, Allah shaida, na zo da su. Amma ni Bakanuwa ce, hannuna bai iya miƙa kuɗi a zuwan farko ba. Na tambayi ma'aikaciyar shagon ko akwai ragi, ta ce babu. Na ce ko kaɗan? Yarinyar ta ja mini gefen mayafi. Sai na yi abin da muke yi a kasuwar Kwari: na ce ta cire, muka kama hanyar ƙofa ina tafe a hankali, ina jiran a ce, "Hajiya dawo, nawa za ki biya?" Har muka tsallaka titi babu wanda ya ko ɗaga kai. Na ce mata kada ta damu, jibi ma rana ce, takalmi ba ya gudu.

To, a ƙasan benenmu akwai wata Hajiya, 'yar Zongon Kumasi, mai dafa wa direbobin tasi abinci. Mace ce mai kirki da son mutane, ga 'ya'ya ga jikoki cike da gida. Hausarsu ta Zongo ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne, na daɗe da daina jin abin banbaraƙwai. Muna dawowa muka same ta a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, na ba ta labari. Ta dafe ƙirji.

"Allah ya so ka da ba ka saya ba! Ka jira. Nan da mako biyu akwai satin da ba a biyan haraji a Connecticut, jihar da ke kusa da mu. Ko kobo gwamnati ba ya ɗauka. Duk shekara surukina yana kai mu da motarsa, mu cika ta dam. Ka zo mu tafi tare."

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ni da harajin garin nan dama ba ma ga maciji. A rubuta farashi a jikin kaya, ki je kanta wurin biya a faɗa miki wani. A gida in an tashi daga farashin farko ƙasa ake yi, a nan sama ake yi, kuma ba ki da bakin magana. Jin cewa akwai mako guda da zan hana su wannan ƙarin ya fi mini daɗi fiye da a ba ni kyauta. Na fara shiri a raina: takalmi, rigar sanyi, jaka, littattafai, duk a tashi ɗaya.

Da muka hau sama yarinyar ta ce, "Mama, don Allah mu koma gobe mu saya. Takwas ita ce lambar da kowa ke sawa, da wuri take ƙarewa."

Na ce, "Ke kika haifi kamfanin da za ki san ta ƙare? Amurka ce fa, takalmi ya fi mutane yawa."

Ta sake roƙo washegari, ta sake bayan kwana biyu. A na ukun na daka mata tsawa. Na ce ita ba ta san zafin nema ba, ba ita ke ɗaga tsohuwa mai nauyin buhun masara ba, in ta ƙara yi mini maganar ma sai a fasa. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ni kuwa na ɗauka na yi tarbiyya.

Ranar Lahadi makon ke farawa, ranar kuma su Hajiya za su tafi, ita ce ranar hutuna. Asabar da yamma kamfanin da ke tura mu aiki suka kira, wai wadda ke karɓata ba ta da lafiya, dole in zo. Na roƙa, na yi magiya, matar kamfanin ta ce in ba zan iya ba akwai masu jira. Me zan ce? Na ga motar surukin Hajiya ta taga tana tashi ina ɗaura ɗankwali zan tafi aiki. Da na dawo na tarar da ledoji jibge a falonta, jikoki suna ta gwada kaya. Ranar da kamfani suka yarda su sake ni ita ce Asabar, ranar ƙarshe ta makon, kuma ba za a biya ni ita ba.

A nan ya kamata in tsaya, na sani. Mai hankali bas zai hau ya koma shagon tsibiri. Amma na riga na faɗa a gaban Hajiya, na faɗa wa matan Islamiyya, har ina ba wasu shawara kamar ni na ƙirƙiro abin. Kuma zuciyata ta riga ta ƙulla cewa wannan harajin ba zan biya shi ba. Taurin kai dai, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Asabar da sassafe muka sauka St. George muka shiga jirgin ruwa. Shi kyauta ne, shi kaɗai ne abin da ban taɓa yin faɗa da shi ba a garin nan. Yarinyar ta tsaya a waje iska na kaɗa mata hijabi, ta ɗan sake, har tana nuna mini gadar da ake hangowa. Daga nan jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa babbar tashar jirgin ƙasa. Da na je tagar tikiti mutumin ya faɗi kuɗin mutum biyu zuwa da dawowa, sai da na sa ya maimaita. Ba sai an yi mini lissafi ba, a tsaye a wurin na gane cewa abin da zan ba jirgi ya ninka abin da na zo hana gwamnati. Na waiga, tana bayana tana kallona. Na ciji leɓe na biya, na ce mata, "Ba komai, a can za mu fanshe."

Wajen sha ɗaya muka isa wani katafaren ginin shaguna a Connecticut. Tabɗi! Ban taɓa ganin kanti a Amurka ya koma haka ba, sai ka ce an yi wasoso. Kwalaye a ƙasa, ƙafar hagu a nan ta dama a can, uwaye suna jan yara, yara suna kuka, ma'aikata sun gaji har ba sa amsa gaisuwa. Kwana shida mutane suna ɗiba, mu muka zo kala.

Yarinyar ta hango kambas ɗin tun daga ƙofar wani shago, irinsa sak. Ta ruga. Kwali biyu suka rage, ɗaya lamba shida, ɗaya lamba goma. Muka tare wata ma'aikaciya, ta shiga ciki ta daɗe, ta fito tana girgiza kai. Takwas ta ƙare tun ranar Litinin, in ji ta, ba kuma za a kawo ba.

Muka zaga sauran shagunan, hawa uku, har ƙafafuna suka kumbura. Inda aka samu takwas, ko dai na tsofaffi ne irin wanda Baturiyata ke sawa, ko kuwa kuɗinsa ya wuce dala ɗari, wanda ashe shi ba a yafe masa harajin ba ma. A wani shagon na ɗaukar mata jakar makaranta da littattafai, na je kanta na ga an ɗora haraji. Na ce ina makon da ake magana? Kashiyar ta ce tufafi da takalma ne kawai. Na yi ta faɗa har mutanen layi suna tsaki. Da na juyo, yarinyar ta fita waje ta tsaya ta ba shagon baya.

Bayan azahar muka koma shagon farko. Lamba goman tana nan, an ma manna mata jar takarda, an rage kusan rabin kuɗin. Idona ya faɗa kan jar takardar nan, kuma wallahi ji na yi kamar an yi mini bushara. Na ce, "Gwada mu gani."

Ta ce, "Goma ce, Mama."

Na ce, "Na ce ki gwada, ba karatu na tambaye ki ba."

Ta zauna ta sa. Na durƙusa a gabanta a tsakiyar mutane, na danna babban yatsana a gaban takalmin. Ya nutse har ƙasa, bai taɓa komai ba. Na sani, ita ma ta sani. Amma na tuna kuɗin jirgi, na tuna ranar aikin da ta tafi a banza, na tuna zan shiga gida Hajiya ta tambaye ni me muka samo in ce babu. Sai na ji bakina ya ce, "Ai ba wani yawa ya yi ba. In kika ja igiyar da kyau, ga safa mai kauri. Ƙafa ai girma take yi."

Ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Ta ce, "Kin rantse."

Maimakon in ji kunya sai na hau faɗa, don faɗa ya fi mini sauƙi. Na ce ta duba wahalar da na sha saboda ita, ta duba ubanta yana kwance yana jiran magani, ta duba Babbar Sallah ta matso ban aika komai gida ba. Na ce mu da muka sa na yayyenmu mutuwa muka yi? Na ce irinsa ne dai, launinsa ne, har da koren, me kuma take nema? Wata mata da ke gefe ta janye 'yarta daga kusa da mu.

Yarinyar ta sunkuya ta kwance igiyar, ta mayar da su kwali, ta rufe, ta miƙo mini. Ta ce, "To."

Na biya. Babu haraji, kashiyar har da nuna mini a rasit tana murmushi.

Muka kama hanyar gida. A jirgin ruwa ta shiga ciki ta zauna, ta ajiye kwalin a kujerar da ke tsakaninmu. Fushina ya riga ya sauka tun a hanya, ya bar ni da abin da na aikata. Ina so in ce ki yi haƙuri, na yi kuskure. Kalma nawa ce? Amma ni ba a taɓa ce mini ita ba, ban kuma taɓa jin uwa ta ce wa 'yar fari haka ba. Ko sunanta ban iya kira, ina zan fara? Abin da na iya kawai, na laluba jaka na ciro dabino uku na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu yadda na koya mata, ta riƙe su a hannu har muka sauka.

Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Talata da na tashi daga aiki na ɗauki kwalin ba ta sani ba, na hau bas zuwa shagon tsibiri. A tunanina takalmi iri ɗaya ne, sabo ne fil ko ƙasa bai taka ba, zan ba su goma su ba ni takwas in cika abin da ya rage. A gida ai haka ake yi, ko ba wurinsa ka saya ba mai shago zai duba fuskarka.

Ma'aikaciyar da ta kawo mana takwas ran nan ita na tarar, ta ma gane ni. Ta duba rasit ɗin ta ce ba shagonsu ba ne, ba za su iya karɓa ba. Ta nuna mini jar takardar ta ce ko can ɗin na koma ba za su karɓa ba, ma'anarta ke nan, an sayar an gama. Na ce to takwas ɗin fa, tana nan? Ta duba na'ura ta ce ta ƙare mako biyu da suka wuce.

Sai ta tambaye ni, cikin tausayi ba da izgili ba, me ya kai ni har Connecticut. Na ce gudun haraji. Sannan ta ce ai a nan New York takalmi ko tufafin da bai kai dala ɗari da goma ba, ba a ɗora masa haraji. Ba mako guda ba, kullum. Ranar da muka zo, da na miƙa kuɗin, abin da ke jikin takardar shi zan biya, ko sisi ba za a ƙara ba.

Na ce, "Na'am?"

Ta maimaita a hankali, kamar yadda nake yi wa tsohuwata magana.

Ban san yadda na fito ba. Na zauna a bencin jiran bas da kwali a cinya, bas biyu suka wuce ina kallo. Shekara nawa ina saya mata kaya a garin nan ban taɓa duba rasit da kyau ba, don na riga na yanke cewa cutata ake yi. An je neman ƙiba an samo rama. Na yi kuka a wurin, kuka sosai da majina, ban damu da masu wucewa ba.

Na shigo gida da niyyar in sauke wa Hajiya kwandon bala'i. Na same ta a kicin tana juya miya, na gaya mata abin da aka gaya mini. Ta saki ludayin. "Allah? Kai, 'yar'uwa, ka rantse!" Ashe ita ma ba ta sani ba, shekara da shekaru tana cika mota tana murna. Ta zauna a kujera ta riƙe haɓa, can ta ce to ai ko ba komai yara suna ganin gari. Wa zan yi wa faɗa? Ta karɓi takalmin ta gwada wa 'yan matan gidanta ɗaya bayan ɗaya ko zai yi wa wata ta saya, babu mai ƙafar goma. Ta zuba mini abinci a kwano na hau sama.

Yarinyar ban gaya mata maganar harajin ba. Har yau ban gaya mata ba, ban kuma san ko ta sani ba.

Na so in nemo wani takwas ɗin ko ba irinsa ba kafin a koma makaranta, amma wata ya ƙare, ga haya, ga magani, ga albashin ya zo da giɓi. Na ce mata ta lallaɓa zuwa ƙarshen Satumba. Ta ce to.

Ranar farko ta makaranta na tsaya a taga. Ta sa safa biyu a wannan zafin, ta ja igiya har bakin takalmin ya tattare. Ta nufi wurin bas tana jan ƙafa a hankali kada ya yi ƙara, kanta a ƙasa. Na ɗaga hannu zan buga gilashin, ban san me zan ce in ta juyo ba, na sauke.

Ƙarshen Satumba na cika alkawari a makare, na ce ta shirya mu je. Tana rubutu a tebur, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Bar shi, Mama. Sun riga sun gani." Ashe akwai yara biyu daga tsohuwar makarantar a ajinsu, sunan ya riga ta isa. Na ce zan je wurin shugaban makarantar, ta ce in na je ba za ta sake komawa ba. Na ce to a sayi sabon ko don daɗin ƙafarki. Ta ce kuɗin ya fi amfani a wurin Baba. Da ladabi ta faɗa, babu inda zan kama in yi faɗa. Haka ta sa shi har sanyi ya shigo.

Da shekara ta zagayo na shirya tun da wuri. Tun watan azumi nake ware wani abu a gefe, na nemi hutun kwana ɗaya a farkon Agusta aka ba ni. A hutun makaranta na shekarar yarinyar ta samu ɗan aiki a wurin renon yara a Tompkinsville, na bar ta don kada ta zauna a gida. Ranar na tashi na yi wanka, na sa atamfata mai kyau, na yafa mayafi, na leƙa ɗaki na ce, "Ke, tashi mu je kasuwa. Yau duk wanda kika nuna shi za a saya, ba zan ko juya takardar ba."

Ta dube ni daga kan gado, ta ce, "Ai na saya, Mama. Makon jiya, da aka biya mu."

Na ce, "Takalmin?"

Ta ce har da jaka da kayan sawa, komai ya cika, kada in damu. Ta ce ta gode.

Na tsaya a bakin ƙofar da jaka a hammata. Na so ta ce in zo in gani, ba ta ce ba, ni ma ban iya cewa nuna mini ba. Na ce, "To, Allah ya sa a kashe lafiya." Ta ce amin. Daga wannan shekarar ba ta sake cewa in saya mata ko da safa ba, har ta gama makarantar, har ta yi digiri.

Na koma falo na zauna da mayafina a jiki, ko tara na safe ba ta yi ba. Sannan na ɗauki waya na kira kamfani, na ce in akwai inda ake neman mai aiki yau, ina nan.